Baba ya jefa na'urar jinsa aljihun tebur: laifin na'urar ne ko na saiti?

Autan_Baba:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kunne. Mahaifinmu shekararsa 74, jinsa ya daɗe yana raguwa har ta kai sai an maimaita masa magana sau biyu ko uku. Wata huɗu da suka wuce muka kai shi aka gwada shi, aka ba shi na'urar ji ta kunne biyu. Kwana tara ya yi da ita ya cire. Ya ce muryarsa yake ji kamar daga cikin rijiya yake magana, cokali in ya taɓa faranti sai ka ce guduma aka buga masa a ka, amma maganar jikokinsa har yanzu ba ya tsince ta. Tun daga ranar tana aljihun tebur. To jiya Yayata ta turo min wani labari wai bincike ya tabbatar na'urar ji tana rage gigin tsufa da kusan rabi, ta ce lallai mu matsa masa. Tambayata biyu ce. Da gaske ne wannan maganar? In da gaske ne, ya ake yi da dattijon da ya rantse ba zai ƙara sa ta ba?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Kamar labarin mahaifiyata kake bayarwa. Ita ma sati biyu ta yi ta ce mu ɗauke mata kayan hayaniyarmu. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bari mu ji masana.

Mai_Gwajin_Ji:
Aikina ke nan, gwajin ji da saita na'ura. Kafin in ce komai, Auta, amsa min wannan. Ranar da aka sa wa Baba na'urar, an zura masa wani siririn bututun roba mai laushi cikin kunne, aka ɗora na'urar a kai, aka zaunar da shi gaban lasifika tana magana? Ko kuwa haɗa ta aka yi da kwamfuta, aka danna, aka ce "Baba, ya ka ji?"

Autan_Baba:
Na biyun ne, ranki ya daɗe. Ko minti goma sha biyar ba mu yi ba. Baba ya ce "ina ji", aka sallame mu.

Mai_Gwajin_Ji:
To ba a nan gizo ke saƙar ba sai a nan. Abin da aka yi wa Baba shi ne saitin farko na kamfani, wato kwamfuta ta duba takardar gwajinsa ta yi hasashen ƙarfin sautin da zai dace da matsakaicin kunne. Matsakaicin kunne kuwa a cikin lissafi kawai yake, ba a kan mutum ba. Ramin kunnen kowa daban, wani dogo, wani gajere, wani a lanƙwashe. Buɗaɗɗen ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautukan da ke wajajen hatz 2,700 (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) ƙarfi da kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin sauti). Da zarar ka toshe shi da na'ura wannan ƙarin ya tafi, sai na'urar ta rama. Ba za ka san ta rama ko ba ta rama ba sai ka auna a cikin kunnen.

Shi wannan bututun da na tambaya, makirfo ne ƙarami a jikinsa. Yana auna ainihin abin da ke isa kusa da dodon kunne, sai mu kwatanta da mizanin da bincike ya tsayar. Manya da yawa ana saita musu da mizanin NAL-NL2 na cibiyar binciken sauti ta Ostireliya, yara kuma an fi amfani da DSL wanda ya fito daga Kanada. Bincike da dama sun nuna saitin farko yakan gaza kai wa mizanin, musamman a siraran sautuka. Su kuwa siraran sautukan su ne irin su s, f, sh, ts, waɗanda kunnen tsufa yake fara rasawa. Shi ya sa dattijo zai ce maka "ina jin ana magana amma ba na gane ta". Muryar yara kuma siririya ce.

Maganar rijiya daban ce. In an toshe ramin kunne ruf, muryar mutum da ke bi ta ƙashin kansa ba ta samun mafita, sai ta yi ta kuwwa a ciki. Sau da yawa canja robar bakin na'urar zuwa mai huji ko faɗaɗa hujin iska shi ke nan.

Cokalin kuma, kunnen da ƙwayoyin cikinsa suka lalace tazararsa ta ƙuntata: ƙaramin sauti ba ya jinsa, mai ƙarfi kuma nan da nan ya dame shi. Akwai iyakar ƙarfi da ake saitawa don wannan. Duk koke-koken Baba uku abubuwa ne da ake gyarawa a zama ɗaya ko biyu.

Ɗalibin_Ƙididdiga:
Ni bari in ɗauki tambayar farko, don na karanta binciken kansa ba kanun labarin ba. Sunansa ACHIEVE, an buga shi a mujallar Lancet a 2023, Farfesa Frank Lin na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka na cikin jagororinsa. Mutum 977 ne, masu shekara 70 zuwa 84, duk da raunin ji da ba a yi musu komai a kai ba. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka ba su na'ura da kulawar ƙwararru, rabi aka riƙa yi musu darussan kula da lafiyar tsufa. Aka bi su shekara 3.

Sakamakon babbar tambayar: babu bambanci tsakanin rukunan biyu wajen raguwar kaifin ƙwaƙwalwa. Babu.

To daga ina "kusan rabi" ta fito? Cikin mutum 977 ɗin, 238 an ɗebo su ne daga wani tsohon bincike na lafiyar zuciya. Sun fi sauran tsufa, sun fi su abubuwan da ke jefa mutum cikin haɗari. A cikin su kaɗai aka ga raguwar ta yi jinkiri da kashi 48 cikin 100 ga waɗanda aka ba na'ura. Sauran 739 masu ƙoshin lafiya ne da suka kawo kansu, ƙwaƙwalwarsu ba ta wani ragu ba a shekara ukun, don haka babu abin da na'urar za ta jinkirta da za a gani. Kuma lura, makin gwajin tunani aka auna. Ba a ce an hana rabin mutane kamuwa da ciwon mantuwa ba.

Injiniya_47:
Ai dama. Duk shekara sai an fito da abin da za a tsorata tsofaffi da shi don a sayar musu da kaya. Wa ya biya kuɗin binciken?

Ɗalibin_Ƙididdiga:
@Injiniya_47 Cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ne suka ɗauki nauyinsa. Na'urorin dai wani kamfani ne ya ba da su kyauta, kuma masu binciken sun bayyana haka. Amma duba: in da talla suke so, da ba su rubuta ƙarara cewa babban sakamakon bai nuna bambanci ba. Masu kanun labarai ne suka ɗauki ɓangaren da ya fi daɗin ji.

Hajiya_Malama:
Ni abin da ban gane ba, mene ne haɗin kunne da mantuwa tun farko?

Likitan_Dattawa:
Hajiya, hasashe uku ake yi, kuma ba sa kore juna. Na ɗaya, ƙwaƙwalwar da kullum take fama da cike gurbin kalmomin da kunne ya zubar, ƙarfin da ya kamata ta sa wajen riƙe magana ya ƙare a wajen tsinto ta. Na biyu, wanda ba ya ji yakan janye daga mutane, ya daina shiga hira, kaɗaici kuwa ba ya yi wa ƙwaƙwalwa kyau. Na uku, mai yiwuwa abu ɗaya ne yake lalata su biyun tare, kamar ciwon jijiyoyin jini, wanda in haka ne na'ura ba za ta canja komai a wannan fannin ba. Kwamitin masana na Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan haɗarin da ake iya sauyawa, ya ƙiyasta masa kashi 8 cikin 100 a rahoton 2020, sannan kashi 7 a na 2024. Sai dai wannan ƙiyasin daga bibiyar jama'a ya fito, ba daga gwajin ƙuri'a ba, shi ya sa aka ɗora wa ACHIEVE ido sosai.

Auta, shawarata kar ku je wa Baba da maganar gigin tsufa. Ba a lallashin dattijo da barazana. Dalilin sa na'ura shi ne ya ji jikokinsa, kuma wannan shi ne abin da hujja ta fi ƙarfi a kai. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, na 2017 ya haɗa gwaje-gwajen ƙuri'a biyar, mutum 825, ya sami cewa na'urar tana inganta sauraro da jin daɗin rayuwa ga manya masu raunin ji kaɗan zuwa matsakaici.

Mai_Gwajin_Ji:
Ƙari a kan abin da Ɗalibi ya kawo: mutanen ACHIEVE ba miƙa musu kwali aka yi aka ce su tafi ba. Zama huɗu suka yi da ƙwararre a watannin farko, aka auna a cikin kunnensu, sannan suna komawa duk wata shida. Don haka ko wanda ya yarda da kashi 48 ɗin nan, ba na'urar aljihun tebur ce ta kawo shi ba.

Injiniya_47:
Malama, kin yi wa sana'arki talla da kyau, ban ga laifinki ba. Amma tun Oktoban 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta halatta sayar da na'urar ji ba tare da takardar likita ba. A 2024 ma ta amince da AirPods Pro 2, abin sauraron kunne na kamfanin Apple, su yi aikin. In saitin ƙwararre wajibi ne, me ya sa suka yarda? Ni da kaina nake saita tawa a waya, shekara guda ke nan, lafiya lau.

Mai_Gwajin_Ji:
Injiniya, ba zan musa maka ba, don bincike yana tare da kai zuwa wani wuri. A jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu an yi gwajin ƙuri'a da aka buga a 2023, mutum 64, aka kwatanta masu saita wa kansu da waɗanda ƙwararre ya saita wa. Bayan mako shida sakamakonsu ya yi kusan ɗaya. Kafin shi akwai na jami'ar Indiana a 2017, wanda har na'urar bogi aka sa don kwatance. Duka hanyoyin biyu sun fi bogin, sai dai waɗanda ƙwararre ya kula da su sun fi gamsuwa.

Amma karanta sharaɗin FDA ɗin: ɗan shekara 18 zuwa sama, mai raunin ji kaɗan zuwa matsakaici. Kuma su waye suke shiga irin waɗannan gwaje-gwajen? Masu riƙe da waya irinka, masu son abin. Kai in muryarka ta yi kuwwa za ka shiga manhaja ka laluba. Baban Auta cirewa ya yi. Sannan saita kai ba ya duba maka ko dauɗa ce ta toshe kunnen, ko ruwa ne a bayan dodon kunne, ko wani abu ne da ke buƙatar likita.

Injiniya_47:
Wannan na ƙarshen na karɓa. Sauran mu bar shi a haka.

Ummu_Sadik:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma abin da Malama ta faɗa a ƙarshe ya taɓa ni. Shekara uku da suka wuce na tashi da safe kunnena na hagu a toshe, kamar an cusa auduga, da wata ƙara siririya. Ba ciwo ko kaɗan. Na ɗauka mura ce. Na je wani wuri aka leƙa aka ce kunnen tas yake, aka ba ni maganin ɗigawa. Sai da na yi kusan mako shida kafin na ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Da ya ga takardar gwajin ya yi shiru, ya ce da a makon farko na zo. An yi min allura ta cikin dodon kunne amma ɗan kaɗan ya dawo. Yanzu in ana magana ta haguna sai na juyo gaba ɗaya. Don Allah duk wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya a kunne guda, kar ya kwana biyu yana jira.

Likitan_Dattawa:
Allah ya ƙara sauƙi, Ummu Sadik. Wannan lamarin gaggawa ne kuma mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu ma'aikatan lafiya. Ma'anarsa a likitance: raguwar desibel 30 ko fiye, a matakan sauti uku da ke jere, cikin awa 72. Ƙa'idar likitocin kunne ta Amurka ta 2019 ta ce ana iya ba da maganin sitiroyid cikin mako biyun farko, in bai yi ba a gwada allurar cikin kunne, kuma a yi hoton MRI don a tabbatar ba ƙari ba ne a kan jijiyar ji. Gaskiya hujjar sitiroyid ɗin ba ta kai ƙarfin da muke so ba, saboda mutane da dama suna warkewa da kansu, abin da ke sa gwajin ya yi wuya. Kar ki ɗora wa kanki laifi. Amma dama ce mai ƙurarren lokaci, gara a yi amfani da ita.

Abu_Hanifa_22:
Ni fa na ji an ce an gano maganin kurumta a Chana, allura ɗaya yaro ya fara ji. Me zai hana a jira wannan maimakon wahalar na'ura?

Ɗalibin_Ƙididdiga:
An yi, amma ba kurumta gaba ɗaya ba. A Janairun 2024 Lancet ta buga sakamakon wani asibitin jami'ar Fudan da ke Shanghai: yara shida da aka haifa ba sa ji saboda matsalar ƙwayar gado guda mai suna OTOF, biyar suka sami ji bayan an zuba musu lafiyayyar ƙwayar cikin kunne. Abin ban mamaki ne ƙwarai. Sai dai su waɗannan yaran ƙwayoyin gashin kunnensu, masu karɓar sauti a can ciki, lafiya lau suke, sinadarin da ke miƙa saƙo daga gare su zuwa jijiya ne kawai babu. Kamar gida ne da aka gama masa wayarin, fis ɗaya ya rage. Kuma wannan nau'in ƙaramin kaso ne cikin yaran da ake haifa da kurumta.

Kunnen Baba ba haka yake ba. Cikin katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai siffar katantanwa, akwai ƙwayoyin gashi wajen 15,000, kuma wanda ya mutu a jikin ɗan Adam ba ya sake tsirowa. Tsuntsaye nasu yana tsirowa, an gano haka tun shekarun 1980, tun lokacin ake neman yadda za a yi wa mutum. Wani magani mai suna FX-322 ya tayar da ƙura sosai, sai a farkon 2023 gwajinsa ya nuna bai fi maganin bogi ba, aka dakatar da shi. Mai shekara 74 ba zai zauna jiran wannan ba.

Maman_Iman:
Wato kaza ta fi mu a nan. Ikon Allah.

Mai_Maganar_Hannu:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni kurma ce tun ina shekara huɗu, sanƙarau ne ya tafi da jina. Ba na adawa da na'ura ko bincike, kuma halin Baban Auta daban da nawa, shi ya rayu da ji ne yake rasa shi. Amma duk lokacin da aka ce "an gano magani" sai in tuna iyayen da suke ɓata shekarun farko na yaro suna yawon neman ya ji, ba su koya masa kowane harshe ba. Ƙwaƙwalwar yaro harshe take nema, ko ta kunne ko ta ido. Ni da maganar hannu na yi karatu, da ita nake aiki. Ko za a yi wa yaro tiyatar dashen na'ura a cikin kunne, a ba shi maganar hannu tun yana jariri, ba ta hana shi komai.

Nas_Ɗakin_Jarirai:
@Mai_Maganar_Hannu kin faɗi gaskiya, jinkirin shi ne babbar asarar. Ƙa'idar da ake bi ita ce 1-3-6: a tantance jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Gwajin farkon ma yana barci ake yi, ɗan abu ne ake sa masa a kunne ya saurari amsar da katantanwar ke mayarwa. Wani masani a Landan, David Kemp, shi ya gano wannan amsar a 1978. Wani abin da nake so iyaye su sani: allurai irin su jentamaisin suna ceton rai amma suna iya taɓa ji, don haka jaririn da aka yi wa su ko ya yi ciwon shawara mai tsanani a sake gwada shi ko da ya ci gwajin farko.

Hajiya_Malama:
Dashen da ake ta ambata fa, ba zai yi wa Baban ba?

Mai_Gwajin_Ji:
Hajiya, dashen katantanwa na waɗanda raunin jinsu ya yi tsanani ne har na'urar da aka saita da kyau ba ta ƙara musu fahimtar magana. Tiyata ce, ana zura siririyar waya cikin katantanwar ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Likita Graeme Clark ya yi wa majinyacinsa na farko irin mai tashoshi da yawa a Melbourne a 1978. Shekaru ba sa hanawa, ana yi wa tsofaffi. Amma ba a maganarsa sai an ga ƙarshen abin da na'ura za ta iya, shi kuwa Baba ba a ma fara ba.

Malamin_Harshe:
Ni tambayata ta wani ɓangaren ce. Waɗannan mizanan da kika ambata, da wane harshe aka gina su? Don Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta bishiya baƙaƙe ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo kuma har da tsawon wasali. Na'urar da aka auna da Turanci za ta kula da wannan?

Mai_Gwajin_Ji:
Malam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Yawancin binciken da aka gina mizanan a kai da masu jin Turanci aka yi. Amma NAL-NL2 yana da zaɓi na harsuna masu karin sauti, wanda yake ɗan ƙara ƙarfi a kaurara sautuka, don a can hawa da saukar murya suke zaune. Danna abu ɗaya ne a manhajar, sai dai ba kowa ke tunawa da shi ba. Sa'ar da aka yi, kunnen tsufa yakan bar kaurara sautuka da sauran ƙarfi, don haka karin sautin ba shi ke fara ɓacewa ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gwajin fahimtar kalmomi. In ka karanta wa dattijo jerin kalmomin harshen da ba nasa ba ya kasa maimaitawa, kunnensa ka auna ko Turancinsa?

Malamin_Harshe:
Ga aikin digiri nan a zube, masu neman maudu'i.

Ɗan_Gwari_Ba:
Ku dai ku fara wanke masa kunnen. Kakana haka aka yi ta cewa ya kurumce, ashe dauɗa ce. Tsinken auduga da ɗan mai, shi ke nan.

Nas_Ɗakin_Jarirai:
Rabin maganarka daidai, dauɗa tana toshe ji kuma tana sa na'ura ta yi ta fito. Amma tsinken auduga tura ta ciki yake yi. A bar wanda yake ganin cikin kunnen da fitila ya cire. Kuma ba a ɗiga komai a kunnen da ba a tabbatar dodonsa ba a huje yake ba.

Ummu_Sadik:
Tunda masana na nan, ƙarar nan da ke kunnena fa? An ce in sha ganyen ginko.

Likitan_Dattawa:
An gwada ginko, nazarin Cochrane bai ga ya fi bogi ba. Abin da ya fi hujja shi ne koyar da ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar ƙarar a matsayin barazana, ta hanyar zama da masanin halayya. Ba ya kashe ƙarar, yana rage damuwar da take jawowa. Masu raunin ji kuma da yawa suna cewa in na'ura na kunne ƙarar takan lafa, don sautin waje ya rufe ta.

Autan_Baba:
Jama'a na dawo, ku gafarce ni na yi shiru kwana biyu. Mun sami inda suke yin awon cikin kunne. Da ƙyar Baba ya yarda, sai da na ce masa ba sabuwa za a saya ba, waccan za a tuhuma. Ya ce in dai ita za a tuhuma zai je.

Gani ya kori ji. A allon kwamfutar akwai layin da ya kamata sautin ya bi, ga kuma layin na'urar Baba. Ta hagun allon suna tare, ta dama inda siraran sautukan suke kuwa na Baba ya zube ƙasa sosai. Matar da ke awon ta ɗaga shi a hankali, ta rage iyakar ƙarar, ta canja robar zuwa mai huji. Ta ɗauko cokali da kofi ta buga a gabansa, ya ɗan yamutsa fuska ya ce wannan da dama. Sai ta koma bayansa ta ce "sisi", ya ce "sisi". Ta ce "fifi", ya maimaita. Ya juyo ya kalle ni kamar ni na ɓoye masa su tun da.

Yau kwana goma sha ɗaya. Yana sa ta daga safe zuwa la'asar. Amma in yara suka taru suna magana lokaci guda sai ya cire, ya ce gara shirun. Ta hagun kuma ya ce tana yi masa ƙaiƙayi. Ban gaya masa maganar gigin tsufa ba, Yaya kuma har yanzu tana ganin ya kamata a faɗa masa.

Mai_Gwajin_Ji:
Alhamdu lillahi. Ƙaiƙayin a faɗa mata a zama na gaba, wataƙila girman robar ne. Hayaniyar taro kuwa ita ce inda duk na'ura take da rauni, komai tsadarta. Makirfonta na iya fifita abin da ke gaban mutum, don haka ya zauna hayaniyar na bayansa, mai magana na gabansa, da haske a fuskar mai maganar. Akwai kuma ƙaramin makirfo da ake maƙala wa mai magana a riga ya aika muryarsa kai tsaye cikin na'urar. Ku tambaya ko tasa tana karɓa.

Injiniya_47:
Na ji daɗi wallahi. Amma dai a rubuta cewa ƙwararru ne suka yi saitin farkon da ya lalace, ba waya ba.

Ɗalibin_Ƙididdiga:
Auta, ka ce wa Yaya in za ta faɗa masa, ta faɗi duka biyun: 977 da 238.

Maman_Iman:
Malama, ta mahaifiyata shekara biyu ke nan a ajiye. Za a iya saita ta haka, ko sai an sake gwada kunnen tukuna?